Idon Abdu a Bayan Rumbu

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Mubaraka aka raɗa mini, amma a bakinta ni "ke" ce idan ina kusa, "ta Dutsi" kuma idan ina nesa, don a Dogon Dutsi na tashi, hannun kakata Hamsatu, tun da aka yaye ni. Kunyar ɗan fari ke nan, kowa ya san ta. Uwa ba ta yabon na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Manya suna cewa ba ƙi ba ne. To, na ji ba ƙi ba ne. Amma ga ni furfura ta fara leƙowa ta gefen kallabi, ina koyar da fizik a lise, babbar makarantar sakandare, cikin ɗalibaina har da waɗanda suka zama likitoci, kuma abin da nake so a duniya bai wuce Inna ta buɗe baki sau ɗaya ta ce na yi abin kirki ba. Ko a bayan idona ne, wani ya kawo mini labari, ya ishe ni.

Shi kuwa Abdulmajid, autanmu, sunansa ba ya hutawa a bakinta. Abdu ya yi atishawa, sai duk ƙauyenmu da ke arewa da Matankari ya ji. Ranar da na ci bak, jarrabawar gama lise, wanda aka aika da albishir ya tarar da ita tana surfe, ta ce masa madalla, ta ci gaba da daka. Ranar da Abdu ya ci nasa, zakara biyu ne suka rasa ransu, kuma ni aka kira daga Dutsi in zo in fige su.

Abin da ke ƙara ƙona mini rai shi ne ni na koya masa. A gidana ya zauna shekarun kwalej da lise. Ni na wanke masa kaki, ni na ja masa kunne a kan lissafi, ni na zaunar da shi a tsakar gida na jera masa ƙwallayen tsamiya a ƙasa, na ce wannan atom ne, waɗannan ƙananan da ke kewaye da shi su ne elektaron. Ya dinga hamma. Yau ga shi a Turai yana doktora a kan yadda elektaron ɗin nan ke rasa ƙarfinsu can ƙololuwar sama, inda iska ta yi siriri har ta kusa ƙarewa. Inna ba ta san ko ɗaya daga wannan ba. Abin da take gaya wa mata a bakin rijiya shi ne, "Abduna shina karatun bisa. Sama shi ka aunawa."

Bayan an gama yankan hatsi ya zo gida da akwatuna biyu. A ciki akwai kamara ta musamman, wadda ke kallon sama gaba ɗaya cikin dare tana ɗaukar wani jan haske mai rauni da idon mutum ba ya gani. Ya ce yankinmu yana da kyau ga irin wannan aikin, kuma malaminsa ya yarda a kafa ta a nan. Tun kafin ya sauka na riga na yi magana da diraktanmu, an ba ni gefen rufin labo, ɗakin gwaje-gwajenmu. Har na gama tsara yadda zan riƙa hawa da 'yan ajin ƙarshe ina nuna musu, har na ji a kunnena ana cewa a lise ɗin Madan Mubaraka aka kafa abin Turawa. Na kuma ce a raina labarin nan dole ya kai kunnen Inna.

Abdu ya tsaya a filin lakwal, wato makarantarmu, hannu a aljihu, ya dubi fitilun bakin gudaro, titin kwalta, ya dubi na shaguna, ya girgiza kai.

"A'a, Yaya, nan haske ya yi yawa," in ji shi, a gaban direkta. "Duhu abin ga ka so. Gun Inna za ni kai shi."

Gaskiyarsa ce, kuma ni ya kamata in fara ganin hakan. Wannan ya fi komai ba ni haushi.

Shi da Munkaila, ɗan ƙanen babanmu mai kabu-kabu da mashin, suka gina ɗan ginshiƙin siminti a bayan rumbun Inna, tsayinsa iya ƙirji, suka kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Suka ɗora akwatin ƙarfe a kai, da fanon sola da batiri a gefe. A saman akwatin akwai gilashi mai tudu kamar kifaffen ƙoƙo, cikinsa kamarar take. Mata suka cika gidan. Inna ta leƙa gilashin, ta ga fuskarta ta kumbura a ciki, ta ja da baya tana dariya, ta ce wannan ai ido ne. Daga ranar ya zama idon Abdu.

Da zai tafi, ya durƙusa a gabanta, mutane na kallo.

"Inna, ga amana. Ki kula mani da shi kamar yadda kik kula da ni."

Bakin Inna har kunne. Na ja shi gefe na ce ya zauna ya gaya mata abin da na'urar take yi, ko a taƙaice ne. Sai ya juya harshe zuwa Faransanci don kada ta ji, ya ce Inna ba za ta gane ba, kuma babu buƙata, na'urar ita ke kunna kanta bayan magariba ta kashe kanta kafin asuba, ita ke tura masa hotuna ta rezon waya. Na ce to ni zan riƙa zuwa ran Asabar ina dubawa.

"Ba sai kin wahala ba, Yaya," ya ce, yana gyara jakarsa. "Ba irin abin da kuka yi cikin kalas ba na."

Na hau bayan Munkaila muka kama hanyar yashi zuwa Dutsi, duk hanya ina cika ina batsewa, har ya tambaye ni ko cikina ke ciwo.

Hotunan da suka fara isa Turai baƙaƙe ne ƙirin. Ba tauraro, ba gajimare, ba komai. Ba daga bakin Abdu na ji ba, a tasha Munkaila ya tare ni da labarin. Ya ce Abdu ya kira shi ya tura shi ƙauye, ya je da hantsi ya duba, gilashi fes kamar an lashe, waya ba ta tsinke ba, ƙaramar fitilar batiri tana kore. Ya sake komawa wani makon, haka dai. Amma hotuna suna ta zuwa baƙaƙe.

Raina ya yi fari ƙal, ba zan ɓoye ba. Ran nan har ƙosai na saya wa maƙwabta ba dalili. Mai auna sama ya kasa ganin saman, kuma ya gwammace ya tura ɗan kabu-kabu a kan ya kira ni. Na ce bari mu gani ko irin abin da muke yi cikin kalas zai yi rana.

Sai da aka shiga wata na biyu sannan salulata ta yi ƙara da lambarsa. Na bari ta katse, ya sake kira, sannan na ɗauka ina tambayarsa sanyin Turai kamar ban san komai ba. Ya ce sun bincika komai daga can, kamarar lafiyarta ƙalau, tana buɗewa, tana ɗauka, amma ba ta ganin komai. Malaminsa ya ce idan wata ya sake mutuwa ba a sami hoto ba, za a kwashe na'urar a kai wata ƙasa, a ba wani ɗalibi. Rabin aikinsa a kanta ya dogara.

"Don Allah, Yaya," ya ce. "Ke ɗai ag gare ni can."

Na so in tambaye shi ina Inna, mai amana. Na haɗiye. Ƙanena ne, ni na goya shi, kuma ina jin yadda yake jan hanci. Bayan haka, wani tunani ya zo mini wanda ya fi tausayi ƙarfi: idan ni na gyara abin da ya gagari Abdu da Turawansa, a gidan Inna, a gaban idonta, ai ko dutse ce sai ta ce wani abu.

Ran Asabar bayan azahar na isa ƙauye da ɗan abin awon batiri na labo da sukurdireba a jaka. Inna ta amsa gaisuwata tana kallon wani wuri, kamar kullum, ta turo mini tabarma da ƙafa, ta kawo fura. Tambayarta ta farko ita ce ko Abdu yana cin abinci. Na ce ban sani ba, ba a cikinsa nake ba. Ta yi kamar ba ta ji ba.

Na shiga bayan rumbu na duƙufa. Na auna batiri, cike yake. Na bi waya ɗaya bayan ɗaya, na kwance murfin gefe na leƙa ko gara ta shiga ko ɓera ya yi ɓarna, babu. Gilashi kuwa ban taɓa ganin abu mai tsabta irinsa a ƙauyen nan ba. Zufa ta jiƙa mini baya. Har la'asar ta yi sanyi ban sami komai ba, na fara jin kunyar kaina, na fara tsara abin da zan ce wa Abdu wanda ba zai nuna na gaza ba. Munkaila ya zo ɗaukata, na ce ya koma, kwana zan yi. Na zauna a kan turmi na zuba wa abin ido, ina jiran lokacin da zai kunna kansa.

Ladan ya kira magariba. Kaji suka hau bisa. Inna ta bi gidan kamar yadda take yi tun ina zuwa hutu ina yarinya: ta rufe randa da faifai, ta kife tukunya, ta ɗora murfi a kan ƙwaryar nono, ta kwashe shanya. Sai na ga ta shiga ɗaki ta fito da wata babbar ƙwarya sabuwa, mai zane, irin wadda ba a fito da ita sai da biki. Ta wuce ni, ta janye ƙayar, ta yi bisimilla, ta goge gilashin da bakin zanenta a hankali, ta kife ƙwaryar a kansa. Ta ɗora ɗan dutse a sama don kada iska ta ture. Ta tofa addu'a, ta mayar da ƙaya.



"Inna," na ce, "mi kika yi haka?"

"Ruhe shi ni ka yi."

"Tun yaushe?"

"Tun randa yat tahi. Ko dare guda ban yi hwashi ba." Ta faɗi haka da alfahari. "In na yi sallar asuba in buɗe shi in goge. Ke, wa ka barin abu buɗe da dare? Ruwan sha ma ba a bari, balle ido. Ga raɓa, ga kashin jemage. Kuma ba ki san mi ka wucewa bisa ba in duhu ya yi. Doguwa ta biyo ta ishe ido buɗe shina kallonta, ki ce mi? Idon Abdu na hwa."

Dariya ta taso mini tun daga ciki, na danne ta da ƙyar. Turawa da ordinatocinsu, manyan kwamfutocin nan, sun yi wata biyu suna ɗaukar hoton cikin ƙwaryar Inna. Kuma ga shi a fili, laifin na mai doktora ne, da ya ga uwarsa ba ta kai a yi mata bayani ba. Na ce yau ranata ce. Na jawo tabarma kusa da rumbu.

"Inna, zamna in hwaɗa maki abin da idon ga ka kallo."

Ban yi zaton za ta zauna ba. Ta dubi ƙwaryar, ta dube ni ta gefen ido, ta zauna a can ƙarshen tabarma ta miƙe ƙafafu.

Shekara da shekaru ina gaban allo, amma ban taɓa yin darasi irin na yammacin nan ba. Na ce mata can bisa, sama da gajimare, sama da inda jirgi ke bi, nisan da ya kusa kai daga nan zuwa Yamai in da a tsaye hanyar take, akwai sauran iska kaɗan. Iskar nan ƙwayoyi ce ƙanana, kowace tana riƙe da 'ya'yanta, su ne ake kira elektaron. Idan rana ta fito, haskenta mai zafi yakan bugi ƙwayar ya fizge ɗa ɗaya.

"Kamar ɗan akuya da anka kwance da sahe," na ce. "Kin ga yadda shi ka hita da gudu, ba shi ganin gabanai?"

"Na gani. Hal shi ture ma mutum ƙwarya."

"To haka. Shi hita da ƙarhi mai yawa. Shi bangaji wanga, shi bangaji wancan. Duw wanda yab bangaza sai shi bam mai ɗan ƙarhi kaɗan. Wani shi ɗauki zahi, shi ya sa iskar can bisa tana da zahi ƙwarai. Wani shi riƙe ƙarhin ɗan lokaci, sannan shi sake shi, shi hito kamar haske. Haka haka dai, bangaza bayan bangaza, hal gudun shi ƙare, shi koma tahiya sannu."

"Shi gaji ke nan."

"Shi gaji. In rana ta hwaɗi, babu mai fizgo wasu. Waɗanda sunka gaji sai su riƙa komawa, ɗaya-ɗaya. Duw wanda yak koma yal laƙe ma wata ƙwaya, sauran ƙarhin da yar rage sai shi hita, wani shi zama haske ja, kaɗan ƙwarai. Mu ba mu ganinai. Idon ga shi ka gani. Inda jan yay yi yawa, Abdu shi san suna da yawa nan. Inda anka samu baƙin zane, shi san babu su. Da haka shi ka gane yadda ƙarhinsu ka ƙarewa."

Inna ta ɗaga kai ta dubi sama. Taurari biyu-uku sun fara fitowa ta kan gawon bayan gida.

"Dud da maraice ke nan suna komawa gun uwassu," ta ce.

"Ba lalle uwatai ba, Inna. Wurin da hwaɗi, ya yi nisa da inda yah hito. Duw wadda tak karɓe shi, nan shi ka zama."

Ban shirya faɗin haka ba, kimiyyar ce haka. Amma da maganar ta fita sai na ji ta a ƙirjina, na kuma san ita ma ta ji. Ta sunkuyar da kai tana tsinkar bakin tabarma.

Can ta ce, "Shi jan hasken, da dare ɗai shi ka hitowa?"

"Da rana ma akwai shi, amma rana ta hi ƙarhinai. Da dare ɗai idon ka iya ganinai."

"Ni kuwa da dare ni ka ruhewa."

"I, Inna."

Ta gane, tun daga farko har ƙarshe, ba tare da na maimaita ko jimla ɗaya ba, matar da ɗanta ya ce ba za ta gane ba. Zuciyata tana bugawa kamar ta 'yar firamare da ke jiran sakamako. Ni na gano abin, ni na warware shi, ni na sa ta ga sama da idonta. Na gyara zama ina jira.

Ta tafa hannu a hankali, ta girgiza kai.

"Kai, Abdu!" ta ce. "Dud wanga cikin kan yaron nan shi ke? Allah mai iko."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Kishi ya taso mini har wuya, irin wanda ke sa kunne ya yi zafi. Na kusa ce mata ni na fara zuba wannan a kan yaron nan, da ƙwallayen tsamiya, yana hamma. Na tashi na cire dutsen, na ɗauke ƙwaryar na ajiye a ƙasa da ƙarfin da ya fi wanda ake buƙata. Na ciro salula.

"Bari in kira shi, shi huta da tunani."

Sai na ji ta riƙe mini wuyan hannu. Tafinta kaushi, da sanyi. Ban tuna ranar da ta taɓa riƙe ni ba.

"Kak ki hwaɗa mai ni ta."

"To wa za ni ce? Akuya?"

"Gaban mutane yab ba ni amana," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ya durƙusa gabana, kin gani. In yaj ji ni nib ɓata mai aiki wata biyu, ba shi cewa komi, na san shi. Amma cikin rainai zai ce tsohuwa ta ruɗe. Ba shi ƙara ba ni ajiya ko ta allura." Ta ƙara matse hannuna. "Ki ce ke kic ce in riƙa ruhewa. Don raɓa. Ku 'yan lakwal kun san yadda kuka shiryawa."

"Inna, ni malamar fizik ta. Kin san mi kika cewa in ɗauka?"

"Na sani." Ba ta sake ni ba. "Babu wanda ni ka iya roƙo wanga in ba ke ba."

Na tsaya da salula a hannu. A raina na ce a'a, na ce ta ishe ni haka, na ce wanda aka yanka wa zakara biyu shi ya kamata ya ji gaskiya. Amma wannan ce magana mafi kusa da abin da nake nema da ta taɓa fita daga bakinta. Na hau kan turmi, inda rezo ke kamawa, na danna lambarsa.

Na gaya masa an gano matsalar, ƙwarya ce, an ɗauke. Ya yi ihu har sai da na janye salular daga kunne. Ya yi dariya, ya yi hamdala, sannan ya tsaya.

"Ƙwarya? Wa yas sa ƙwarya?"

"Inna. Amma ni nic ce ta riƙa ruhewa da dare, don raɓa. Na manta ban hwaɗa maka ba."



"Ke, Yaya? Kamarar dare kic ce a ruhe da dare?" Ya koma Faransanci, ya dawo Hausa, ya rasa wanda zai ishe shi. Ya ce ko ɗan aji ɗaya na kwalej ba zai yi haka ba. Ya ce me zai gaya wa malaminsa, cewa yayarsa mai koyar da fizik ce ta yi? Sannan ya sassauta murya, abin da ya fi ihun ciwo. "Ko dai da gangan kiy yi? Na san ba ki ji daɗi ba da ban kahwa shi lise ɗinku ba."

Inna tana jin komai, salular da ƙarfi take magana. Ta miƙo hannu, na ba ta.

"Abdu," ta ce, "kak ka ɗaga mata murya, yayarka ta. Yi haƙuri da ita, ba ta sani ba. Ba kowa ad da kai irin naka ba." Daga nan ta shiga tambayarsa ko yana samun tuwo a can, ko yana sa rigar sanyi.

Na sauka daga turmin na shiga ɗaki. Tuwon da ta turo mini ban taɓa shi ba.

Da hantsi hoto ya shigo salulata. Sama ce zagaye kamar faifai, ja-ja-ja, da taurari, da wasu baƙaƙen zane guda biyu da suka ratsa ta daga arewa zuwa kudu. Abin da na shekara ina zana wa yara da alli ban taɓa gani ba, ga shi a saman gidanmu. Ya yi kyau har na ji hawaye. A ƙasan hoton Abdu ya rubuta a nuna wa Inna, a ce mata ya gode da riƙon amana.

Na nuna mata. Ta karɓe salular da hannu biyu, ta yafa mayafi, ta fita gidan Ladidi maƙwabciyarmu, inda mata ke sussuka. Darni ne kawai tsakaninmu, ina jin komai. Ta fara musu tun daga fitowar rana: yadda ake fizgo ɗan, yadda yake fita da gudu kamar ɗan akuya, yadda yake bangazar wannan ya bar masa zafi, ya bangaji wancan ya bar masa haske, har ya gaji. Ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Da ɗalibata ce da na ba ta maki cikakke. Kowace gaɓa tana farawa da "Abdu ya ce," mata suna salati.

Wuri ɗaya ta sauya. A nata bayanin, idan maraice ya yi, kowane ɗa gun uwarsa yake komawa.

Munkaila ya danna oda a ƙofar gida. Na leƙa na ce masa ya kashe mashin ya jira, salulata tana hannunta.